Yadda ake tafiyar hutu da motar haya daga Shikago zuwa New Orleans ta tsoffin hanyoyi da garuruwan bakin kogin Misisipi

Wanda ya tashi daga Shikago da asuba ya hau babbar hanya mai lamba 55, bai tsaya ba sai don shan mai, zai iya shiga New Orleans cikin sa'o'i 14 ko kusa da haka, amma zai isa ne bai ga komai ba sai bayan tireloli da allunan talla. Tafiyar da za a yi bayani a nan tsakanin biranen nan biyu take, sai dai tana cin kwana 12 zuwa 14, domin tana bin tsoffin hanyoyin da manyan tituna suka maye gurbinsu. Kashin farko yana bin hanyar da aka sani da Route 66, wadda aka buɗe a 1926 aka kuma cire ta daga jerin hanyoyin tarayya a 1985. Kashi na biyu yana gangarawa kudu tare da kogin Misisipi, ta hanya mai lamba 61 da kuma jerin hanyoyin da ake kira Great River Road, wanda aka tsara tun 1938 kuma ya ratsa jihohi 10. An bar sunayen ƙananan garuruwa yadda suke a allunan hanya, don a iya neman su a taswira.

Mataki na farko: takardu

Wanda yake zaune a Amurka da lasin tuƙi na wata jiha ba shi da wani aiki a nan. Wanda zai zo daga waje kuwa, kada ya kashe ko sisi a kan tikitin jirgi ko otal sai biza ta shiga fasfonsa, domin a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara sharuɗɗan ba da bizar ziyara ga ƙasashen Afirka da dama, kuma dokokin suna sauyawa, saboda haka shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka shi ne abin dubawa, ba labarin wanda ya je shekarun baya ba. Ka riƙe lasinka na gida wanda bai kusa ƙarewa ba, ka haɗa da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, musamman idan naka da Faransanci ko Larabci aka rubuta shi. Lasin ƙasa da ƙasa fassara ce kawai, ba ya aiki shi kaɗai sai an nuna shi tare da na asali. Sai inshorar lafiya ta matafiya, wadda ba a wasa da ita, domin kwana guda a asibitin Amurka yana iya cinye kuɗin tafiyar baki ɗaya.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Watan Oktoba ya fi kowane wata dacewa a ganina. Zafi ya sauka, sanyin Shikago bai kankama ba, kuma a lokacin ne audugar yankin Delta, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma da ke kudu da Memfis, take buɗewa, gonaki su yi fari fat har iya ganin ido. Afrilu da farkon Mayu ma suna da daɗi, sai dai lokacin ne na ambaliya da mahaukaciyar guguwa mai murɗawa, kuma idan kogi ya cika ana rufe wasu ƙananan hanyoyin bakin ruwa. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi wanda ba irin na sahel ba ne, domin iska jiƙe take kuma gumi ba ya bushewa a jiki. Lokacin guguwar teku a gaɓar Louisiana yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani a Agusta da Satumba, don haka ko a Oktoba a riƙa duba hasashen yanayi kafin a gangara New Orleans. Da ma'aunin Farenhait ake faɗin zafi a can, kuma idan ka ga 95 a allo to digiri 35 ke nan a ma'aunin da aka saba.

Mataki na uku: hayar mota

A nan ne kuɗi suke zurarewa ba tare da mutum ya lura ba, don haka a karanta takarda da kyau. Tunda a Shikago za ka ɗauki motar kuma a New Orleans za ka ajiye ta, kamfani zai ɗora maka kuɗin ajiyewa a wani gari dabam, kuma wannan kuɗi ya bambanta ƙwarai tsakanin kamfanoni, wani lokaci ma tsakanin ranaku. Ka kwatanta jimillar farashi na ƙarshe, ba farashin kwana ɗaya da ake rubutawa da manyan haruffa ba. Ka tabbatar yarjejeniyar ba ta ƙayyade yawan mil ɗin da za ka yi ba, domin da ratse-ratsen da ke cikin wannan tafiya za ka haura mil 1,200, kusan kilomita 2,000 ke nan. Yawancin kamfanoni sun fi son katin bashi mai ɗauke da sunan direba, za su kuma riƙe wani kaso na kuɗi a kansa har sai an mayar da mota lafiya. Katin cire kuɗi na yau da kullum wasu suna karɓa da ƙarin sharuɗɗa, wasu ba sa karɓa sam, saboda haka a tambaya tun kafin a isa gaban kanta. Direban da bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi a kowace rana, kuma duk wanda zai taɓa sitiyari sai an rubuta sunansa a yarjejeniyar, in ba haka ba inshora ba za ta biya ba idan tsautsayi ya faru a hannunsa.

Inshorar iri biyu ce, kuma mutane da yawa suna ɗauka ɗaya ce. Ta farko tana ɗauke maka nauyin lalacewar motar da ka haya ko sace ta. Ta biyu tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani, a jikinsa ko a dukiyarsa, kuma ita ce mafi muhimmanci a ƙasar da ake kai ƙara kotu a nemi diyya mai yawa. Baƙon da ba shi da inshorar mota a Amurka ya sayi duka biyun.

Mota matsakaiciya ta isa mutum biyu ko uku, abin lura kawai shi ne but ɗinta ya ɗauke jakunkuna duka a rufe ba a gani. Kusan duk motocin haya masu sauya giya da kansu ne. Kafin ka fita daga harabar kamfanin, ka zagaya motar da wayarka kana ɗaukar hoton kowane ƙwarzane, da gilashin gaba, da tayoyi, da ma'aunin mai, ka kuma ɗaga shimfiɗar but ka ga ko akwai safaya, domin sababbin motoci da yawa ba sa zuwa da ita. A kewayen Shikago akwai hanyoyin da ake biyan kuɗin wucewa ta kyamara ba tare da tsayawa ba, kuma kamfanin haya yakan ɗora nasa ladan a kan kowane biya, amma ita hanya ta 55 da tsohuwar 66 kyauta suke. Idan za ka kwana biyu kana yawo a Shikago, kada ka karɓi motar sai ranar tashi, domin kuɗin fakin a tsakiyar birnin yana da tsada kuma jirgin ƙasa yana kai mutum ko'ina.

Mataki na huɗu: dokokin da ke kama baƙo

Hannun dama ake bi, kamar yadda ake yi a Nijeriya da Nijar da Gana, don haka wannan ba zai ba ka wahala ba. Abin da zai ba ka wahala shi ne cewa ana bin doka ko da ba kowa a wurin. Allon ja mai kusurwa 8 da aka rubuta STOP yana nufin tayoyi su tsaya cak, ba a rage gudu a leƙa a wuce ba. A ƙananan garuruwa za ka yi ta cin karo da mararrabar da kowane ɓangare huɗu yake da wannan allo, ba danja ba mai ba da hannu, kuma ƙa'idarta ita ce wanda ya riga tsayawa shi zai riga wucewa, idan kuma an iso tare to na hannun dama ake bari. Za ka ga wani dattijo a cikin a-kori-kura ya ɗaga maka yatsu biyu daga kan sitiyari, alamar ka wuce, sai ka ɗaga masa hannu ka tafi. An yarda a juya dama ko danja tana ja, bayan an tsaya cak an tabbatar ba mai zuwa, sai dai idan akwai allon da ya hana.

Bas ɗin 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa, idan ta tsaya ta kunna jajayen fitilu ta miƙo allon tsayawa daga gefenta, dole na bayanta da mai fuskantarta su tsaya, sai dai idan akwai shinge ko ciyawa a tsakiyar titin da ta raba hannu biyu. Tarar wannan laifi tana da nauyi. Iyakar gudu da mil ake rubuta ta, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. A tsoffin hanyoyi yawanci 55 ce, amma da an doshi gari sai ta faɗo 45, ta koma 35, wani lokaci 25, duk a cikin ɗan taƙi, kuma a daidai nan 'yan sandan gari suke fakewa. Kowa ya ɗaura bel, yara ƙanana su zauna a kujerarsu ta musamman, waya kuma a maƙala ta a jikin mota, domin jihohi da dama sun hana riƙe ta a hannu ana tuƙi.

Idan ɗan sanda ya kunna maka fitila daga baya, ka sauka gefen dama inda ba haɗari, ka kashe mota, ka sauke gilashi, ka ɗora hannuwa biyu a kan sitiyari, ka zauna. Kada ka fito ka tarye shi don girmamawa, domin a can barazana ake ɗaukar hakan. Idan ya nemi takardu, ka gaya masa inda suke kafin ka kai hannu. Ba a ba shi na goro ko da wasa, ba a kuma biyan tara a bakin hanya. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 911.

Mataki na biyar: mai da taswira

Da galan ake sayar da fetur, galan ɗaya kuwa ya kusa lita 3.8, kuma kai ne za ka zuba da hannunka. Famfon yakan nemi lambar unguwar da katinka yake da rajista, abin da katin waje ba shi da shi, saboda haka sai ka shiga shagon ka faɗi lambar famfon da kuɗin da kake so, ka biya, ka dawo ka danna maɓallin da aka rubuta 87, wanda shi ne man da motocin haya suke sha. Idan tanki ya cika kafin kuɗin su ƙare, ragowar tana komawa katinka. Ka kula da bututun da ke da koren mariƙi, domin a gidajen mai da yawa na dizal ne. A yankin Delta da kan hanyar Natchez Trace, wadda za ka bi zuwa garin Natchez, kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi.

Wayarka ita ce babbar mai ɓata wannan tafiya idan ka sakar mata ragama, domin manhajar taswira aikinta ta kai ka da wuri, kuma kullum za ta mayar da kai babbar hanya. Ka shiga saitinta ka zaɓi kauce wa manyan tituna, sannan maimakon ka rubuta masaukin dare, ka riƙa rubuta gari na gaba mafi kusa, ɗaya bayan ɗaya. Ka sauke taswirar yankin a kan wayar tun kana da intanet, domin akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa. Alluna iri biyu za ka riƙa nema da ido: masu launin ƙasa-ƙasa da ke nuna tsohuwar 66, da kuma koren tambari mai siffar sitiyarin jirgin ruwa da hoton jirgin tururi a tsakiyarsa, wanda shi ne alamar hanyar kogi. Kada tuƙin yini ya wuce mil 150 zuwa 180, kuma a yi ƙoƙarin sauka kafin magariba, domin da almuru barewa suke tsallaka titi, kuma karo da su yana cikin haɗurran da aka fi samu a karkara.

Mataki na shida: hanyar kanta

Allon farkon 66 yana kan titin Adams a tsakiyar Shikago. Daga nan zuwa St. Louis kusan mil 300 ne, kuma tsohuwar hanyar tana tafe ne a gefen babbar, tana shiga garuruwa irin su Pontiac, inda akwai gidan tarihin hanyar. A kwana a Springfield, babban birnin Illinois, inda Abraham Lincoln ya zauna kafin ya zama shugaban ƙasa a 1861. Gidansa yana nan ana shiga kyauta da tikiti, kabarinsa ma yana garin. Wannan kashi na tafiyar fili ne shimfiɗaɗɗe na masara da waken suya, kwana biyu sun ishe shi.

Daga Springfield akwai zaɓi biyu. Ko dai ka ci gaba da bin 66 har St. Louis, ko kuma ka yanka yamma kusan mil 100 zuwa Hannibal a jihar Missouri, garin da marubuci Mark Twain ya yi yarintarsa, ka fara haɗuwa da kogin a can. Na biyun ya fi, domin hanya mai lamba 79 da ke gangarowa daga Hannibal tana hawa kan tuddai inda ake hango ruwan daga sama, abin da zai yi ƙaranci idan an yi kudu. A Clarksville akwai ɗaya daga cikin madatsun da ke ɗaga jiragen dakon kaya su sauke su mataki-mataki, kuma ya cancanci a tsaya a ga yadda jirgi guda yake tura manyan kwale-kwalen dakon hatsi 15 a ɗaure wuri ɗaya, ma'aikata suna raba su gida biyu don su shiga ƙofar.

St. Louis tana son kwana biyu. Babban bakan ƙarfe da ke bakin kogi tsayinsa mita 192 ne, an kammala shi a 1965, kuma ana hawa ƙololuwarsa a cikin wasu 'yan ƙananan akwatuna, sai dai a sayi tikiti tun da wuri. Kusa da shi akwai tsohuwar kotun da Dred Scott ya shigar da ƙarar neman 'yancinsa daga bauta, shari'ar da ta ƙare a 1857 da hukuncin kotun ƙoli cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. A arewacin birnin akwai gadar Chain of Rocks, wadda 66 ta taɓa bi ta kanta, mai lanƙwasa a tsakiyar kogi, yanzu masu ƙafa da keke kaɗai ke hawa. Tsallaken ruwa a Illinois kuma akwai Cahokia, tuddan ƙasa da 'yan asalin nahiyar suka gina a wani babban birni ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa.

Daga nan sai 61. Ste. Genevieve tsohon ƙauyen Faransawa ne na ƙarni na 18, mai gidajen da aka gina da gungumen itace a tsaye, awa biyu sun isa. A kwana a Cape Girardeau, washegari a tsallaka gada a nufi garin Cairo na jihar Illinois, inda kogin Ohio yake zubawa cikin Misisipi. Garin ya taɓa ɗaukar mutum kusan 15,000 a 1920, amma ƙidayar 2020 ba ta sami 2,000 ba, kuma za ka ratsa faffaɗan tituna da benaye a rufe, ciyawa ta fito a bakin ƙofofinsu. Ka wuce har ƙarshen tsinin ƙasar ka tsaya, za ka ga ruwa kala biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Gadojin wurin tsofaffi ne kuma matsattsu, idan tirela ta fuskanto ka riƙe hannunka kada ka firgita. Ta Kentucky za ka gangara Tennessee, inda tafkin Reelfoot yake, wanda girgizar ƙasar New Madrid ta 1811 zuwa 1812 ta haifar.

A nan ya kamata a faɗi abin da yake ba baƙi mamaki: daga Cairo zuwa teku, da ƙyar za ka ga kogin daga cikin mota. An yi masa jinga mai tsawo a gaɓoɓinsa, wadda aka ƙara ɗagawa bayan babbar ambaliyar 1927, sai ka yi sa'o'i kana tuƙi da koren tudu a gefenka, kogin yana bayansa. Wanda yake son ganin ruwan sai ya ajiye mota ya hau jingar da ƙafa inda aka yarda, ko ya jira garuruwan da ke kan tudu, wato Memfis da Vicksburg da Natchez.

Memfis ma kwana biyu take so. Wurin da ba a tsallakewa shi ne gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, wanda aka gina a jikin otal ɗin Lorraine inda aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968. An bar barandar ɗaki mai lamba 306 yadda take, da zoben furanni a jikin ƙarfenta da tsoffin motoci biyu a ƙasa. A ware masa aƙalla sa'o'i 3, a kuma duba ranakun buɗewa. Titin Beale na kiɗa ne da mashaya, wanda ba ya son hayaniyar dare ya je da rana. A Memfis da St. Louis da New Orleans kada a bar komai a kan kujerar mota, ko da cajar waya ce.

Kudu da Memfis ƙasa take shimfiɗewa, an shiga Delta ke nan, ƙasar auduga wadda bayi da jikokinsu suka nome, kuma inda kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira bulus ya yi ƙarfi. Clarksdale tana da nisan kusan mil 75, a nan 61 ta haɗu da 49, kuma akwai gidan tarihin kiɗan. A ɗan ratse a Mound Bayou, garin da 'yantattun bayi suka kafa a 1887 ƙarƙashin jagorancin Isaiah Montgomery don su mulki kansu. Yankin yana cikin mafi talauci a Amurka, kuma hakan a bayyane yake, saboda haka a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko gidansa. Vicksburg tana kan tudu, kuma a lokacin yaƙin basasar Amurka sojojin arewa sun yi mata ƙawanya ta kwana 47 har ta miƙa wuya ranar 4 ga Yuli 1863, abin da ya share musu hanyar mallake kogin gaba ɗaya. Ana zagaya filin dagar da mota a kan hanya mai tsawon mil 16. A jikin bangon tare ruwa na garin an ja layuka da shekarun manyan ambaliyoyi, kuma sai mutum ya tsaya a ƙarƙashinsu ya ɗaga kai sannan zai san girman kogin nan.

Daga wajen Port Gibson ka bar 61 ka hau Natchez Trace, hanyar da ta bi sawun tsohuwar turbar 'yan asalin ƙasar da fatake. Tsawonta duka mil 444 ne har Nashville, amma kai ƙarshenta na kudu kawai za ka bi. Ba tireloli, ba allunan talla, iyakar gudu kuma 50 ce a mafi yawanta.

Natchez ta cancanci a daɗe. Faransawa suka kafa ta a 1716, kuma manyan gidajen masu gandun auduga suna nan birjik, har da Longwood mai kusurwa 8 wanda yaƙi ya hana a ƙarasa cikinsa. Amma kafin a shiga ko ɗaya daga cikinsu, a fara zuwa wurin da ake kira Forks of the Road, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na kudancin Amurka kafin 1863. Ɗan fili ne a mararraba, ba wani gini, sai alluna da mari da sarƙoƙi da aka dasa a cikin siminti. A kusa da garin nan ne Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, Bafulatani ɗan sarautar Futa Jalon, ya yi shekara 40 a bauta bayan an kama shi a yaƙi a 1788. Wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ce ta kai ga sarkin Maroko, maganar ta dawo ga gwamnatin Amurka, aka sake shi a 1828, ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai gida ba. Wanda ya san wannan labari, kallon da zai yi wa benayen nan dabam ne. Mai sha'awar ƙarin bayani yana iya ratsewa Jackson daga Vicksburg, inda akwai gidan tarihin al'adun Musulmi.

Baton Rouge wurin wucewa ne, sai dai a hau ginin majalisar jiha mai hawa 34 a hango kogi. Tsakaninta da New Orleans a bi hanya mai lamba 18 ta gaɓar yamma, inda tsoffin gandayen rake suke cakuɗe da matatun mai da masana'antun sinadarai. Idan gandu ɗaya za ka shiga, ka zaɓi Whitney, wanda aka buɗe a 2014 don ba da tarihin daga ɓangaren bayin da suka yi aikin, ba na iyayen gijinsu ba.

Mataki na bakwai: abinci da salla

Naman alade ya ratsa girkin kudancin Amurka ta inda ba a zato. Gasasshen naman da Memfis ta yi suna da shi mafi yawansa alade ne, ana kuma jefa shi a cikin ganye da wake don ɗanɗano, sannan wasu suna kwaɓa fulawa da kitsensa. Shinkafa da jan wake ta New Orleans a ido kamar garau-garau take, amma kusan kullum da alade aka dafa waken. Miyar gambo ma, wadda ake yawan sa wa kuɓewa, sau da yawa akwai tsiren alade a ciki ko da an ce ta kifi ce. Saboda haka tambayar ba ita ce ko akwai nama a kwano ba, a'a, da me aka dafa. Abin da ya fi sauƙi a ko'ina shi ne soyayyar tarwaɗa, wadda ake kiwo a tafkunan Delta, sai a tambayi irin man suyar. Shagunan halal suna nan a Shikago da St. Louis da Memfis da New Orleans, don haka a sayi ƙaramar kula ta ƙanƙara a riƙa yin guzuri daga birni zuwa birni. A gidan abincin da ake kawo wa mutum a tebur ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin a matsayin ladan mai hidima, kuma farashin da ke rubuce bai haɗa da haraji ba.

Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, don haka a dogara da manhaja. A tsara tafiyar yadda Juma'a za ta riski mutum a babban birni, domin masallatai suna da wuyar samu a ƙananan garuruwa. Wuraren hutawa na bakin hanya da filayen shaƙatawa na bakin kogi suna da ruwa da ciyawa mai tsabta, a riƙe buta da darduma a mota.

Mataki na takwas: mayar da mota

Kana shiga New Orleans ka sauke kaya a masauki, ka mayar da motar a ranar ko washegari, domin tsohuwar unguwar Faransawa da dandalin Congo, inda bayi suke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da ciniki, duk da ƙafa ake zaga su, akwai kuma taragon lantarki da jirgin fito mai tsallaka kogi zuwa unguwar Algiers. Ka cika tanki a gidan mai mafi kusa da wurin ajiyewa ka riƙe rasit, domin idan kamfani ne ya cika zai caje ka fiye da farashin kasuwa. Ka isa kafin sa'ar da aka rubuta a yarjejeniya, tunda jinkiri kaɗan yana iya zama kuɗin ƙarin sa'o'i ko na yini guda. Ka sake ɗaukar hoton motar ta kowane gefe da ma'aunin mai da na mil, ka tsaya har ma'aikaci ya duba ya ba ka takardar rufe haya. Kuɗin da aka riƙe a katinka yakan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi, kuma kuɗin wucewa ko tarar kyamara suna iya biyo baya bayan makonni, saboda haka a adana yarjejeniyar da hotunan har wata biyu.